Yadda Ake Tara Kuɗin Azurfa na Romawa da Yadda Ake Gane Su

Mutane da yawa suna zaton duk abin da ya kusa shekara dubu biyu a duniya sai a gidan tarihi ake ganinsa, ko a hannun attajirin da bai san iyakar dukiyarsa ba. Kuɗin azurfa na Romawa ba haka suke ba. An buga su da yawan gaske, an binne su a tukwane lokacin yaƙi da fargaba, kuma har yau ana tono su. A 1929, a Reka Devnia da ke Bulgeriya, an tono tarin da ya haura tsaba 80,000 a wuri ɗaya. Saboda wannan yawa, dinarin azurfa na sarkin da ya yi mulki a ƙarni na 3 yana iya zuwa hannunka a kan 'yan gomomin daloli. Matsalar ba samu ba ce. Matsalar ita ce ka san me ka riƙe, kuma wannan sani yana cikin rubutun da ke jikin tsabar da nauyinta. Wanda ya koyi karatu da awo kafin ya buɗe aljihu, da wuya a cuce shi.

Mataki na farko: san ire-iren tsabar

Uwar kuɗin azurfa na Roma ita ce wadda dillalai ke rubutawa denarius. A nan zan riƙa ce mata dinari, amma kada a haɗa ta da dinarin zinare na daulolin Musulunci. Ta Roma azurfa ce, ƙarama, faɗinta milimita 17 zuwa 20. An fara buga ta wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana tsakiyar yaƙi da Hannibal na Kartaj, nauyinta kusan giram 4.5. Ba a jima ba nauyin ya sauka zuwa wajen giram 3.9, ya zauna nan har bayan zamanin Augustus, sarki na farko na daular Roma. A shekara ta 64 miladiyya Nero ya rage shi zuwa wajen giram 3.4, ya kuma ƙara tagulla a ciki. Daga nan sarakuna suka yi ta tsarma azurfar, har a zamanin Septimius Severus ta koma kusan rabi da rabi. Domin ka san darajarta a wurin masu ita: albashin sojan runduna a zamanin Augustus dinari 225 ne a shekara, sai Domitian ya ɗaga shi zuwa 300.

A 215 sarki Caracalla ya fito da wata tsaba mafi faɗi, wadda masana suka laƙaba wa antoninianus. Gane ta ba wuya: sarki yana sanye da kambi mai tsinkaye kamar hasken rana, maimakon kambin ganye na dinari. In mace ce, za ka ga jinjirin wata a ƙarƙashin kafaɗunta. Ta Gordian III da ta Philip Balarabe, daga 238 zuwa 249, har yanzu azurfa ce mai kyan gani, kuma suna cikin mafi araha. Zuwa ƙarshen mulkin Gallienus a 268, tagulla ce kawai da ɗan wankin azurfa a sama, wadda azurfarta ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.

Bayan wannan rugujewa Diocletian ya dawo da azurfa tsantsa wajen 294, sannan a ƙarni na 4 aka sami wata tsabar azurfa mai suna siliqua, siririya, wadda daga baya nauyinta ya tsaya wajen giram 2. Akwai kuma kuɗin larduna, irin na Antakiya da Iskandariya, masu kauri da rubutun Girkanci. In ka ga haruffan da ba na boko ba, ka san ka bar birnin Roma ka shiga gabas. Waɗannan ka bar su tukuna.

Mataki na biyu: zaɓi gona ɗaya

Daga dinarin farko zuwa siliqua ta ƙarshe shekaru ne sama da 600. Wanda ya ce zai tara komai zai ƙare da tarkace. Shawarata ga mai farawa ita ce gidan Severus, daga 193 zuwa 235. Dalilai uku ne. Tsabarsu tana da yawa, saboda haka tana da sauƙin kuɗi, kuma masu jabu ba su cika ɓata lokaci a kanta kamar yadda suke yi a kan ta Yuliyus Kaisar ba. Rubutunsu yana ba da shekara daidai. Sannan gida ne mai labari: Severus ɗan Afirka ne, haifaffen Leptis Magna a gabar tekun Libiya ta yau, matarsa Julia Domna 'yar Emesa ce, wato Homs ta Siriya, 'ya'yansu Caracalla da Geta kuma sun yi mulki tare na 'yan watanni kafin babban ya sa a kashe ƙaramin a ƙarshen 211. Uba da uwa da 'ya'ya biyu, tsaba huɗu ke nan, kuma tari ne mai ma'ana tun daga ranar farko.

Mataki na uku: kayan aiki kafin tsaba

Ka sayi ƙaramin sikelin lantarki mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, irin wanda masu sayar da gwal suke ajiyewa a kan teburinsu. Ka nemi gilashin ƙara girma mai ninki 10, da ma'aunin faɗi mai nuna milimita, da ɗan maganaɗisu, da littafin rubutu. Duka ba za su kai kuɗin tsaba ɗaya mai kyau ba. In za ka duba tsaba, ka shimfiɗa tsumma mai laushi a kan tebur, ka riƙe ta ta gefe da hannu mai tsabta, haske kuma ya zo daga gefe ɗaya domin haruffan da suka side su yi inuwa.

Mataki na huɗu: koyi karanta fuska

Nan ne aikin yake, kuma nan ne daɗin yake. Rubutun yana zagaye kan sarki, yawanci daga ƙasa ta hagu ya hau ya sauka ta dama. Babu tazara tsakanin kalmomi, kusan komai a taƙaice yake, kuma V tana tsaya wa U. Saboda haka SEVERVS shi ne Severus, AVG kuma Augustus, wato sarki mai ci. Ba sai ka iya Latin ba. Gajerun kalmomi ne 'yan kaɗan suke ta maimaituwa.

IMP laƙabin jagoran yaƙi ne. CAES ko CAESAR, in ya zo ba tare da AVG ba kuma kan babu kambi, yana nufin yarima mai jiran gado. P M shi ne shugaban addinin gargajiyar Roma. P P uban ƙasa. COS muƙamin kwansul ne, wato babban muƙamin mulki na shekara-shekara a Roma, lambar da ke biye da shi tana faɗin sau nawa sarkin ya riƙe shi. TR P kuwa ita ce mabuɗin shekara, domin iko ne da ake sabunta wa sarki duk shekara, lambar tana ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya. In ka ga DIVVS ko DIVA, mutumin ya riga ya mutu aka buga tsabar don tunawa da shi, kuma sau da yawa bayanta yana ɗauke da CONSECRATIO da hoton gaggafa.

Bari mu ɗauki tsaba ɗaya mu bi ta. A fuska akwai dattijo mai gemu mai tsaga-tsaga da gashi mai murɗe, da kambin ganye, an rubuta SEVERVS PIVS AVG. A baya an rubuta P M TR P XIII COS III P P. Severus ya hau mulki a 193, kuma a wurinsa lissafin mai sauƙi ne: ka ƙara 192 a kan lambar TR P. Goma sha uku da 192 sun ba ka 205. COS III ya tabbatar, domin ya riƙe kwansul karo na uku a 202, bai sake ba. Ga shi ba ka buɗe littafi ba, ka san sarki, ka san shekara. A wurin Caracalla kuwa 197 ake ƙarawa, don haka TR P XVIII ita ce 215, shekarar da sabuwar tsabarsa mai kambin rana ta fito.

In babu lambar TR P, laƙabin nasara yana taimakawa. Caracalla ya ɗauki BRIT daga 210 saboda yaƙin Biritaniya, ya koma GERM daga 213. Trajan ya zama DAC daga 102 bayan yaƙin Dacia, COS V ɗinsa kuma yana nufin tsakanin 103 da 111. Matan gidan sarauta ba su da waɗannan muƙamai, amma laƙabinsu yana canzawa: IVLIA AVGVSTA na Julia Domna na zamanin mijinta ne, IVLIA PIA FELIX AVG kuma na bayan rasuwarsa a 211.

Yanzu ga ramin da kusan kowane sabon shiga yake faɗawa. Sunan ANTONINVS ba na mutum ɗaya ba ne. Caracalla laƙabi ne da aka yi masa saboda wata alkyabba da yake sawa, ba ya kan ko tsaba ɗaya. Abin da za ka gani shi ne ANTONINVS PIVS AVG, sai ka ɗauka ka sami Antoninus Pius na 138 zuwa 161. Shi wancan yawanci ANTONINVS AVG PIVS P P yake rubutawa, AVG kafin PIVS, kuma dattijo ne mai doguwar fuska da cikakken gemu. Caracalla yaro ne mai kumatu a farko, daga baya ya zama mutum mai gajeren gemu da ɗaure fuska. Elagabalus, wanda ya yi mulki daga 218 zuwa 222, shi ma ya ari sunan, amma yakan sa IMP a gaba, IMP ANTONINVS PIVS AVG, kuma a tsabarsa ta ƙarshe-ƙarshe sau da yawa akwai tauraro a filin baya. Marcus Aurelius ma yana da ANTONINVS, galibi da M a gabansa. Haka Faustina biyu ce, uwa da 'ya. Titus kuma yana ɗauke da sunan ubansa Vespasian, sai ka nemi T ko TITVS kafin ka yanke hukunci. Dillalan da ba ƙwararru ba suna kuskure a nan, wani lokaci kuskuren ya amfane ka, wani lokaci ya cuce ka.

Mataki na biyar: juya baya

Bayan tsaba shi ne allon sanarwar gwamnati. Mafi yawan hotunan mata ne ko maza a tsaye ko a zaune, kuma abin da ke hannunsu shi ke faɗin su wane ne ko da rubutu ya goge. Mai fukafukai da kambi da reshen dabino ita ce Victoria, alamar nasara. Mai sikeli da ƙaho cike da 'ya'yan itace ita ce Aequitas, adalci a ciniki. Mai reshen zaitun Pax, zaman lafiya. Mai ciyar da maciji Salus, lafiya. Mai zangarniyar alkama kusa da mudu ita ce Annona, hatsin da ake kawo wa birnin Roma. Namiji mai kwalkwali da mashi Mars ne, mai riƙe da tsawa da sandar mulki kuma Jupiter. Wasu bayan suna ba da labarin takamaiman abu: IVDAEA a dinarin Vespasian, da mace zaune cikin baƙin ciki, na yaƙin Yahudiya ne, SAECVLARES AVGG na Philip, da zaki ko barewa ko kyarkeci, na bikin cikar Roma shekara 1,000 ne a 248.

Waɗannan gumakan mutanen da ne, kuma mai tara su yana karanta su a matsayin shaidar tarihi. Yana da kyau a tuna cewa Musulmin farko sun yi ciniki da zinaren Rumawa da azurfar Farisa masu hotuna, har halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan hijira.

Dinarin kafin sarakuna, na zamanin jamhuriya, tsarinsa daban ne. Babu sarki. Na farko-farko suna da kan mace mai kwalkwali, wato Roma, da alamar X, a baya kuma mahaya biyu ko keken doki. Sunan da ke jiki na jami'in buga kuɗi ne na wannan shekara. Sai a shekara ta 44 kafin miladiyya hoton Yuliyus Kaisar ya hau dinari yana raye. A siliqua kuwa ka duba ƙasan baya, ƙarƙashin layi, inda alamar gidan bugu take: TR ta Trier, MD ta Milan, LVG ta Lyon, CONS ta Kustantiniya.

Mataki na shida: nemo lambarta

Kowane iri yana da lamba a kundin da masana suka yarda da shi. Na sarakuna shi ne RIC, wanda aka fara wallafawa a Landan a 1923. Na jamhuriya kuma ana kiran lambar da sunan Crawford, daga aikinsa na 1974. Littattafan suna da tsada, amma ba dole ka saye su ba. Ƙungiyar masana tsabar kuɗi ta Amurka ta zuba abin da ke cikin RIC a intanet kyauta da sunan OCRE. Ka zaɓi sarki, ka rubuta abin da ka iya karantawa daga baya, ka kwatanta hotuna. Kada ka tsaya da zarar ka ga mai kama. Harafi ɗaya a rubutu, ko hannun da sanda take, yana iya raba lamba da lamba. In fuskar Severus ta zo da ɗan kaushi kuma rubutun yana da kurakurai, kada ka yi saurin cewa jabu ce, domin gidajen bugu na gabas, irin na Emesa da Laodicea, haka aikinsu yake.

Mataki na bakwai: raba gaskiya da jabu

Kafin ka gane jabu sai ka san yadda aka yi ta gaske. Romawa ba zubi suke yi ba, bugu suke yi. Ana ɗora ɗan dunƙulen azurfa a kan hatimin ƙarfe da ke kafe a maƙera, a ɗora wani hatimin a sama, a maka guduma. Kowane hatimi da hannu aka sassaƙa shi. Wannan yana barin alamu. Tsabar ba ta zama da'ira cif. Hoton yakan karkace daga tsakiya, wasu haruffa su faɗa waje. Bakinta yakan tsage ƙanana-ƙanana, kuma tsagar tana shiga ciki da kaifi. A gilashi za ka ga siraran layuka suna fita daga haruffa zuwa gefe, inda ƙarfe ya gudu da ƙarfin bugu.

Fara da sikeli. Dinarin gidan Severus yawanci yana tsakanin giram 2.8 da 3.6. In ka ga giram 4.3 ko 2.0, akwai tambaya. Sai maganaɗisu: azurfa da tagulla ba sa kama shi, duk tsabar da ta manne ka ajiye ta. Amma rashin mannewa ba shaida ba ce, domin dalma da kuza ma ba sa kamawa.

Sai gefe. Jabun zubi ana yin ta ne a cikin ƙira mai ɓari biyu, don haka takan bar siririn layi a zagaye, ko alamar zarto inda aka goge layin. Fuskarta tana da 'yan ramuka masu zagaye na kumfa, ko 'yan ƙuraje, haruffan kuma sun narke cikin fili kamar rubutun jikin sabulun da aka fara wanka da shi. Tsagar bakinta a cike take, ba ta shiga ciki. Wannan iri shi ake tallata wa 'yan yawon buɗe ido a bakin kangayen tarihi, kuma da ɗan sabo ido yana kama shi.

Mai wuya ita ce jabun da aka buga da sabon hatimi a kan azurfa ta gaske. Nauyi daidai, gefe daidai. Abin da ke tona ta shi ne salo: ido ya yi irin na zamani, haruffa sun daidaita fiye da kima, fili ya yi sumul. Sannan tagwaye. Tsaba biyu na gaske suna iya fitowa daga hatimi ɗaya, amma ba za su yi daidai a siffar baki da karkata da tsaga da gurbin sidewa ba. In ka ga biyu sun zama ɗaya a komai, aƙalla ɗaya ƙarya ce, galibi duka biyun. Masu tara tsaba suna ajiye hotunan jabun da aka kama a intanet. Ka duba su kafin ka biya. Maganin wannan iri ɗaya ne, yawan kallon na gaske. Ka zauna da hotunan dinarin Severus ɗari biyu ko uku daga gidajen tarihi har fuskarsa ta zauna maka.

Akwai kuma jabun da ita kanta tsohuwa ce. Tun a zamanin Roma ɓarayi suna lulluɓe tagulla da fallen azurfa su buga. Dillalai suna kiranta fourrée. Tana da sauƙin nauyi, kuma inda fallen ya ɓare za ka ga ja ko kore. Tana da tarihinta, ana tara ta, amma kada a sayar maka da ita a farashin azurfa. 'Yan ƙananan alamun da aka dosa a fuskar dinarin jamhuriya kuwa ba lahani ba ne na zamani, 'yan canjin wancan lokaci ne suke gwada ko cikin azurfa ne. Ka kula kuma da tsabar gaske da wani ya bi da abin sassaƙa ya sabunta gashi ko haruffa. In gashi ya fito tar amma kunci da kambi sun side, hannu ya taɓa ta.

Abu biyu kada ka yi, ko da maƙerin farfaru ya ba ka shawara. Kada ka goga ta a dutse ko ka ɗiga mata ruwan gwaji, domin tabon ba ya fita. Kada kuma ka jefa ta a siminti don jin ƙara. Azurfar da ta daɗe a ƙasa takan yi gautsi daga ciki, ta rage nauyi, kuma faɗuwa ɗaya tana raba ta biyu.

Mataki na takwas: saye, da tambayar asali

Ka saya a wurin dillali ko gidan gwanjo mai suna, wanda ya rubuta cewa zai mayar da kuɗi a kowane lokaci in ta tabbata jabu ce. Tallan kirki yana ɗauke da hoton fuska da baya, nauyi, faɗi, lambar RIC, da matsayin lafiyar tsabar: F ga wadda ta side amma ana karantawa, VF ga mai kyau, EF ga wadda kusan ba ta zaga hannu ba. Ga mai koyo VF mai cikakken rubutu ta fi EF da rabin sunan ya faɗa waje. A gwanjo ka tuna ana ɗora la'ada a kan farashin da ka ci, sau da yawa wajen kashi 20 cikin 100, ga kuɗin aikowa da canjin dala ko yuro. Ka yi lissafin duka kafin ka ɗaga hannu, ka kuma nemi aikowa mai lambar bibiya.

Araha ba ta ado. Dinarin Kaisar mai giwa, da na Tiberius mai PONTIF MAXIM, da na rundunonin Mark Antony mai jirgin ruwa, da na Brutus na tunawa da kisan Kaisar, mai rubutun EID MAR da wuƙaƙe biyu, su ne aka fi yi wa jabu saboda kowa yana son su. Haka duk wanda ya zo maka da jakar "kuɗin Romawa" ya ce a hamada aka tsinto su, ka yi hattara. Gaskiya ne kayan Roma sun kai Fezzan, a kudancin Libiya ta yau, ta hannun Garamantawa, mutanen yankin na wancan zamani, amma tsabar Roma da aka samu a kudancin Sahara kaɗan ce ƙwarai.

Tambayar asali ta wuce batun jabu, kuma ina ɗaukarta da nauyi. Tsabar da aka tono a ɓoye ta rasa rabin labarinta, domin ba wanda zai ƙara sanin inda ta kwanta da abin da ke tare da ita. Italiya, Girka, Turkiyya, Masar da Bulgeriya duk suna da dokoki masu tsauri kan fitar da kayan tarihi, kuma tun 2011 an yi ta wawashe wuraren tarihi a Siriya da Libiya. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan tarihi ta haramtacciyar hanya ita ce ma'aunin da ake yawan komawa gare shi, shi ya sa tsabar da ke da shaidar tana cikin wani tari kafin wannan shekara ta fi kwanciyar hankali da daraja. Ko manya ba su tsira ba: EID MAR ta zinare da aka sayar a Landan a 2020 kan sama da fam miliyan 3, an mayar da ita Girka a 2023 bayan an gano takardun asalinta ƙarya ne. A Ingila kuwa doka ta ba mai tsintuwa hanya ya kai rahoto a rubuta, shi ya sa tarin Hoxne na 1992, mai siliqua sama da 14,000, ya zama abin nazari maimakon ya watse a kasuwa. Ka tambayi dillali daga ina, ka adana rasit da duk tsohuwar takardar da ta zo da tsabar.

Mataki na tara: ajiya

Kada ka wanke. Duhun da azurfa ke yi da tsufa, toka-toka ko mai ɗan shuɗi, masu saye suna biyan kuɗi a kansa. Toka da lemon tsami da man goge baki da ake sa wa awarwaro suna kankare fuskar tsaba, su zubar da darajarta cikin minti ɗaya. In ƙasa ce ta manne, jiƙawa a tataccen ruwa da busarwa da tsumma mai laushi sun isa. Abin da ya fi wannan aikin ƙwararre ne.

Ka sa kowace a 'yar ambulan ta takarda marar asid, ko leda mai tauri da aka yi don tsaba. Leda mai laushi ta PVC tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe, musamman a zafi irin namu. Ka nisanta ta da robar ɗaure kuɗi da jarida, domin suna baƙanta azurfa. Da damina ka sa ƙunshin shanye danshi a akwatin, ka riƙa duba masu yawan tagulla. In ka ga kore mai gari-gari yana fitowa, ka ware wannan tsabar nan take.

A jikin kowace ambulan, da kuma a littafinka, ka rubuta sarki, shekara, rubutun fuska da na baya harafi da harafi, nauyi, faɗi, lambar RIC, wurin da ka saya, ranar da farashin. Ka ɗauki hoton ɓangarorin biyu da na gefe, ka ajiye kwafi a wani wuri dabam da akwatin. In za ka yi tafiya da tarin zuwa wata ƙasa, ka riƙe rasit ɗin shigo da su, ka kuma tuntuɓi hukumar gidajen tarihi ta ƙasarka tun kafin ranar tafiya, domin jami'in kwastan ba zai bambance abin da ka sayo daga waje da abin da aka tono a gida ba sai da takarda.